KU DAINA YI WA LAMBOBIN MUTANE KITSO DA ƘWARƘWATA A EXCEL

Darasinmu na yau da ɗan faɗa a cikinsa, sai a yi haƙuri da ni. Maganar yadda ake saka abu iri ɗaya a gaban rubutu mai yawa lokaci guda ce, kamar sifili ko +234 a gaban lambobin waya, a Excel ko Google Sheets ko WPS. Aiki ne na minti biyu, kuma a wayar da ke hannunka za ka yi shi. Amma yadda ake koyar da shi, da yadda ake yi wa mutane shi a shaguna, wallahi yana cutar da bayin Allah.

Bari ka ji abin da ya sa na ɗauki zafi.

Daminar da ta wuce wani ɗan uwana a Ɗanzomo, wanda shi ne sakataren ƙungiyarsu ta manoman riɗi da gero, aka ce ya kawo sunayen 'yan ƙungiya da lambobin wayarsu a Excel, domin za a tura wa kowa saƙo ranar da zai je karɓar taki. Ya bi mutane gida-gida, wasu har gona, ya tattara a littafi, ya zauna ya shigar a waya. Da ya gama ya duba, sai ya ga duk lambobin sifilin farko ya ɓace. Inda ya rubuta 0803 sai ya ga 803. Ya hau mashin ya tafi Gumel wani shagon kwamfuta, yaron shagon ya ɗan latsa nan ya latsa can, sifili ya dawo a kowace lamba, ya biya ya taho yana murna. Aka tura. Bayan kwana biyu aka dawo da shi, wai lambobin ba su cika goma sha ɗaya ba. Shi kuwa ga su nan yana gani da idonsa sun cika. Da abin ya ishe shi sai ya zauna dare uku yana sake buga su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ga barci ga hasken waya. A nan ne 6 ta zama 9 a wasu, wasu kuma lambar wani ta hau layin wani. Waɗanda abin ya shafa saƙo bai zo musu ba. Ka san me aka ce a majalisa? Ba a ce Excel ba. Cewa aka yi sakatare ya cire sunayensu ya sa na 'yan uwansa. Mutumin da ya ƙona mansa da datarsa kyauta, shi ne ya koma ana nuna shi da baki a bakin masallaci.

To ka ga dai ba maganar ado ba ce.

Da farko ka gane me ya sa sifilin yake gudu. Excel don lissafi aka yi shi. Duk abin da ka buga da alƙaluma zalla, ɗauka yake adadi ne, kamar kuɗi ko buhunan hatsi. A lissafi kuwa 05 da 5 duk ɗaya ne, don haka sai ya yar da sifilin, a ganinsa ya taimake ka. Amma lambar waya ba adadi ba ce, suna ce. Babu mai tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa ya raba biyu. Haka lambar asusun banki, haka NIN, haka BVN. Duk wanda ya riƙe wannan a kansa ya gama rabin aikin.

Yanzu ga abin da yaron shagon ya yi, kuma shi ne abin da nake gani a bidiyoyi barkatai ana yaɗawa da taken wai dabara cikin sakan biyar. Za a ce ka zaɓi kolum ɗin, ka shiga Format Cells, ka shiga Custom, ka buga sifili goma sha ɗaya, ka danna OK. Nan take za ka ga sifili ya fito a gaban kowace lamba. Sai ka ce kai, wannan yaro ya iya. Bai iya ba. Fenti ya shafa. Abin da ke cikin gidan bai canza ba, rigar da aka sa masa ce kawai ta canza. In kana musu, taɓa lamba ɗaya ka kalli dogon layin da ke nuna ainihin abin da ke ciki, za ka ga 803 ɗinka tana nan yadda take. Ko ka je gidan da ke gefe ka rubuta wannan:

=LEN(A2)

Wannan fomular ƙirga haruffa take yi. Za ta ce maka 10, alhali idonka yana ganin 11. Manhajar da za ta karanta fayil ɗinka a ofis ba ta da ido, abin da ke ciki take ɗauka. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata.

Na san wani zai ce ai ni na yi haka kuma ya yi min aiki. E, in bugawa kawai za ka yi a takarda ka manna a bango, ya isa, ban hana ka ba. Laifin da nake gani shi ne a koya wa mutum wannan ba tare da an gaya masa iyakarsa ba, alhali mafi yawan masu neman wannan gyara a wajenmu ba bango za su manna ba, turawa za su yi: jerin tallafi, jerin ɗalibai, jerin albashin malaman islamiyya, jerin masu adashe. Mai bidiyo ya samu masu kallo ya wuce, kai ya bar ka da jama'a.

Ga yadda ake yi na gaskiya. Mu ɗauka lambobinka suna kolum A, sun fara daga layi na 2 saboda layi na 1 kanun ne. Je ka kolum ɗin da babu komai, misali B2, ka rubuta:

="0"&A2

Shi ke nan. Alamar & ita ce ke ɗinke abu biyu. Abin da ka sa tsakanin alamomin zance shi ne zai zauna a gaba. In +234 kake so, sai ka rubuta:

="+234"&A2

In kana kwamfuta, ka kai linzami kusurwar gidan ta ƙasa ta dama inda ɗan ɗigo yake, ka danna sau biyu, zai zubo har ƙarshen jerin. In kana waya da Google Sheets, ka taɓa B2, ka ja ɗigon zuwa ƙasa har inda sunayenka suka tsaya, ka sake taɓa wurin da ya haskaka, ka zaɓi Autofill. Wani lokaci yana ɓoye cikin ɗigo ukun nan na gefe. In jan yana ba ka wahala, musamman in jerin ya kai ɗaruruwa kuma fuskar wayar ta tsage kamar tawa, akwai wadda za ka rubuta sau ɗaya a B2 ta cika ko'ina da kanta, amma a Google Sheets:

=ARRAYFORMULA(IF(A2:A="","","0"&A2:A))

Masu cewa wannan aiki sai da kwamfuta, sai an je Gumel ko Haɗeja, ku ji tsoron Allah. Wayar da kake kallon TikTok da ita har ƙarfe ɗayan dare ta fi ƙarfin wannan aikin nesa ba kusa ba. Su kuma masu shago da ke cajin mutum a kan kowane suna, su zauna suna bugawa ɗaya-ɗaya don aikin ya yi kama da mai yawa, ko dai ba su sani ba ko sun sani. In ba su sani ba ga shi na faɗa. In sun sani, su da Allah.

Amma tsaya, kar ka yi saurin tafiya, don a nan ne wasu ke yin gyaran gangar auzinawa. Sun ji fomula, sun watsa ta a kan jerin gaba ɗaya ba su duba ba. Jerin da mutane daban-daban suka tattara ba ya taɓa zuwa iri ɗaya. Wani ya rubuta 0803 kuma sifilinsa bai gudu ba, wani nasa ya gudu, wani ya fara da 234, wani ya sa tazara a tsakiya. In ka ɗora "0" a kan duka, wanda yake da sifili zai koma da biyu. In ka ɗora +234 a kan mai sifili za ka samu +2340803, ba kuma haka ake rubuta ta ba. Ƙa'idar ita ce in 234 ta shigo, sifili ya fita.

Maganin wannan shi ne ka yanko alƙaluma goma na ƙarshe kawai, tunda su ne ba sa canzawa a lambar wayar Najeriya, sannan ka ɗora abin da kake so:

="0"&RIGHT(A2,10)

ko kuma

="+234"&RIGHT(A2,10)

In akwai masu tazara a ciki, sai ka share ta tukuna:

="0"&RIGHT(SUBSTITUTE(A2," ",""),10)

Wannan ita ce nake so ka ajiye a wayarka. Ko mutum da sifili ya rubuta, ko babu, ko da 234, duk za su fito iri ɗaya.

Sai matsalar da ta shafe mu mu na bakin iyaka, wadda mai yin bidiyo a Legas ko Indiya ba zai taɓa tunawa da ita ba. Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ana cinikin dabbobi da mutanen Nijar sosai. In kai dillali ne ko sakataren 'yan tike, ko kana riƙe da jerin masu kawo maka kaya, to babu makawa akwai lambobin Damagaram da Magarya a ciki. Kai ko a ƙauyukanmu na Sule Tankarkar da Maigatari akwai masu layi biyu, na nan da na can. Lambar Nijar alƙaluma 8 ce, ba ta da sifili a gaba, kuma lambar ƙasarsu +227 ce. In ka watsa +234 a kan kowa, ka mayar da Alhajin da ke bin ka kuɗin raguna ɗan Najeriya da lambar da babu ita a duniya. Don haka sai a sa sharaɗi:

=IF(LEN(A2)=8,"+227"&A2,"+234"&RIGHT(A2,10))

Ma'anarta: in haruffan 8 ne, sa +227, in ba haka ba yanko goman ƙarshe ka sa +234. Amma ko ita ba ta gama ba. In wani ya riga ya rubuta lambar Nijar da 227 a gaba, 3 da 8 sun zama 11, daidai da tsawon tamu, fomular za ta ɗauka ta gida ce ta yanke mata kai. Abin da nake yi shi ne bayan na gama sai in jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba in duba sama da ƙasa. Lambar wayar hannu a Najeriya, in ka cire sifili, da 7 ko 8 ko 9 take farawa. Duk wadda ka ga bayan +234 ta fara da 2 ko wani abu daban, ware ta ka duba da ido. Minti ɗaya ne. 'Yan uwanmu na Nijar da Excel ɗinsu yake da Faransanci, ku kuma sunayen sun bambanta: IF ita ce SI, LEN ita ce NBCAR, RIGHT ita ce DROITE, kuma waƙafi mai ɗigo ake sawa a maimakon waƙafi.

Lambar asusun banki kuma kar ka kusance ta da "0"& ko kaɗan. A nan kuskure kuɗi ne kai tsaye. Lambar asusu a Najeriya alƙaluma 10 ce, tsarin da Babban Banki ya kawo mai suna NUBAN. Wasu suna farawa da sifili ɗaya, wasu biyu, wasu har uku, wasu kuma babu. In Excel ya cinye su za ka ga wata ta koma 9, wata 8, wata 7. Sifili ɗaya ba zai gyara duka ba. Abin da ake yi shi ne a ce masa ya cike kowace ta kai goma:

=TEXT(A2,"0000000000")

Ka ƙirga, sifili goma ne. Wadda ta cika zai bar ta, wadda ta gaza zai cike mata daga gaba. Sannan ka tuna masu OPay da PalmPay, waɗanda yawanci lambar asusunsu ita ce lambar wayarsu ba tare da sifili ba. Na taɓa ganin mai taimako ya ga 803 a kolum ɗin asusu ya ce ai sifili ne ya gudu, ya bi ya mayar musu. Ya ɓata daidai da hannunsa. Garin gyaran gira.

Yanzu mataki na ƙarshe, wanda in ka tsallake shi duk wahalarka ta tashi a banza. Abin da ke kolum B har yanzu fomula ce, jingine take da kolum A. In ka goge A, B za ta rushe. Don haka ka buɗe wani kolum, misali C, ka mayar da shi Text a Excel ko Plain text a Google Sheets. Ka kwafi B gaba ɗaya, ka je C, ka zaɓi Paste special, sannan Values only. Yanzu ne lambobin suka tsaya da ƙafarsu. Gwada LEN a kansu, in ta ce 11 sai ka goge A da B. Ka lura, C ne ake mayarwa Text, ba B ba. In ka mayar da B Text a Excel kafin ka rubuta fomula, ba za ta yi aiki ba, rubutunta kawai za ka riƙa gani a zaune.

In ka rubuta fomula ta ƙi, kafin ka zagi wayar duba alamomin zancen. Wasu madannan waya, musamman na iPhone, suna sa masu lanƙwasa, Excel kuwa miƙaƙƙu yake ganewa. Danna alamar ka riƙe, za ka ga zaɓi.

Akwai wata masifar da ta fi gudun sifili, don ita ba ta da magani in ta faru. In ka buga lamba da 234 a gaba, alƙalumanta 13 ne. Excel kuwa in adadi ya kai alƙaluma 12 sai ya taƙaita shi, ka ga wani abu kamar 2.34803E+12. A wannan matakin lambar tana nan a ciki, ba ta lalace ba. Amma in ka ajiye fayil ɗin a CSV yana haka, abin da ake gani shi yake rubutawa. Ka rufe ka buɗe, sauran alƙaluman sun zama sifili, masu 0803 da yawa sun koma lamba ɗaya. Sai dai a koma littafi. Haka nan in ka gyara komai tsaf ka ajiye a CSV, kar ka sake buɗe shi da Excel don ka duba, zai sake cinye sifilin, in ka danna Save kuma ka mayar da hannun agogo baya. Kuma duk abin da ya wuce alƙaluma 15, Excel sifili yake mayar da ragowar tun lokacin bugawa. Shi ya sa kafin ka taɓa komai ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe.

Kar ka ɗauka ƙauyanci ne ya sa abin yake kama mu. Masana ƙwayoyin halitta a manyan jami'o'in duniya sun sha wannan dukan. Suna da ƙwayoyin gado masu suna irin su SEPT1 da MARCH1, Excel yana ganin su sai ya mayar da su kwanan wata, ɗaya ga Satumba da ɗaya ga Maris. Wani bincike a 2016 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu irin wannan jeri suna da kuskuren. Daga ƙarshe a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya haƙura ya canza su, SEPT1 ta koma SEPTIN1. Wato su furofesoshi ne suka kauce wa Excel, ba shi ya kauce musu ba. Sai a 2023 Microsoft ta sa wurin da za ka kashe wannan shisshigi a sabon Excel na kwamfuta: File, Options, Data, ka cire alamar da ke kan cire sifilin farko. Shekara nawa ana kuka kafin nan.

Ofisoshi da ƙungiyoyi masu cewa a kawo jeri, ku ma kuna da naku kason. Kun san sarai yawancin sakatarorin nan a Gagarawa da Ɗanzomo da sauran garuruwa malaman firamare ne da matasa masu sa kai, a waya suke aikin. Me zai hana ku turo fayil da kuka riga kuka mayar da kolum ɗin waya da na asusu Text, ku rubuta a sama ko 0 kuke so ko 234? Masu tura saƙo da yawa lokaci guda wasu 234 suke so ba tare da alamar tarawa ba, wasu da ita. Ba ku faɗa ba, sai an kawo ku ce bai yi ba, ranar rufewa kuma gobe.

Kai kuma da za ka fara sabon jeri, sauƙaƙa wa kanka: mayar da kolum ɗin Text tun kafin ka buga lamba ta farko, sifilin ba zai gudu ba balle ka bi shi. In lamba ɗaya ce ko biyu, sa alamar ' a gabanta, kamar '0803, ita alamar ba za ta fito ba.

Dabarar & ba ta tsaya a waya ba. Malamin da ke son lambar ɗalibai ta fito da sunan makaranta da shekara zai iya rubuta:

="DZM/2025/"&TEXT(A2,"000")

Sai 1 ta zama DZM/2025/001, 27 ta zama DZM/2025/027. In Malam ko Hajiya za ka sa a gaban sunaye, ka bar tazara kafin ka rufe alamar zance, "Malam "&A2, in ba haka ba sunan zai manne. Masu kwamfuta da Excel na 2013 zuwa sama suna da Flash Fill: ka rubuta misali ɗaya a gefe ka danna Ctrl da E ya kwaikwaya. Yana da kyau a kan sunaye, amma ni ba na sakin jiki da shi a kan lambobin kuɗi, don hasashe yake yi.

Shi ɗan uwan nawa, da ya zo min da littafin da wayar, ko shayin da aka zuba mana bai huce ba muka gama. Mun samu lambobin Nijar guda huɗu a ciki, da mutum biyu da suka ba da lambar shago ɗaya ta mai cajin waya. Aka sake turawa, aka karɓa. Sai dai lokacin an riga an raba kashi na farko, kuma har yau akwai dattijon da in ya gaishe shi, da kai kawai yake amsawa.